Kitsen ciki da rashin jin insulin: abin da igiyar awo ke nunawa tun mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau

 Ciwon sukari irin wanda ke kama manya ba ya faɗo wa mutum rana ɗaya. Yakan ɗauki shekaru yana haɗuwa a ɓoye, mutum yana nomansa, yana kasuwarsa, babu inda ke yi masa ciwo. Matakin farko na wannan tafiya shi ne lokacin da jiki ya fara ƙin jin wani sinadari mai suna insulin. Wannan mataki ba shi da zafi ko zazzaɓi, amma yana da alamar da ake iya aunawa daga waje, wato wurin da kitse ya taru a jiki. A nan mun tattara bayani a kan ma'aunan kitsen jiki, abin da kowanne ke nunawa, da wanda ya fi amfani ga mutumin da ba shi da komai a hannu sai igiya.

Mene ne insulin, kuma me ake nufi da jiki ya daina jin sa?

Duk abin da muka ci na hatsi, ko tuwo ne, ko fura, ko shinkafa, ko burodi, ciki yana narkar da shi ya zama sukari, sukarin ya shiga jini. Jini hanya ce kawai. Inda ake buƙatar sukarin shi ne cikin tsoka da hanta da sauran sassan jiki, don a ƙona shi a samu ƙarfi ko a ajiye shi. Wanda ke sa a buɗe wa sukari ƙofa shi ne insulin. Wata gaɓa ce da ke kwance bayan tumbi, lokotoro suna ce mata pankireyas, take fitar da shi duk lokacin da sukari ya ƙaru a jini. A shekarar 1921 aka fara ciro insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aikin Frederick Banting da Charles Best.

A ɗauki insulin kamar ɗan aike mai sallama a ƙofar gida. A jiki mai lafiya, sallama ɗaya ta isa, a amsa, a karɓi saƙo. Idan jiki ya fara yin kunnen ƙashi, sai an yi sallama sau uku, sau biyar, kafin a buɗe. To me pankireyas za ta yi? Sai ta ƙara yawan ƴan aike. Da haka sukarin jini yake zama daidai na tsawon shekaru, kuma duk awon da aka yi sai a ce lafiya lau. Amma gaɓar tana aikin da ya fi ƙarfinta. Ranar da ta fara gajiya, sukari ya soma taruwa a jini, daga nan ne ake kiran abin ciwon sukari nau'i na 2.

Wani likitan Ingila, Harold Himsworth, shi ne a 1936 ya nuna cewa masu ciwon sukari kashi biyu ne: waɗanda ba su da insulin, da waɗanda suke da shi amma jikinsu ba ya amsa masa. A 1988 kuma Gerald Reaven na Amurka ya bayyana cewa wannan rashin jin insulin yakan zo tare da hawan jini da lalacewar maiƙon jini, kuma haɗuwarsu tana kai wa ga ciwon zuciya ko da sukarin bai riga ya hau ba. Kun ga ke nan maganar ta wuce sukari kaɗai.

Kitse iri biyu ne, kuma mahauci ya san su

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga kitse iri biyu. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke can ciki, ya lulluɓe hanji da ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kitsen ƙarƙashin fata, musamman na cinya da ɗuwawu, kamar rumbu ne: yana karɓar abin da ya yi saura ya ajiye, ba ya yawan tayar da fitina. Na cikin ciki shi ne mai matsala. Jinin da ke fitowa daga gare shi yana zuba kai tsaye cikin hanta, ɗauke da maiƙo da wasu sinadarai masu haddasa kumburi a ɓoye. Hanta ta fara tara kitse, ta daina jin insulin, ta riƙa sakin sukari cikin jini ko da ba a buƙata. Kitsen yana shiga tsoka ma, alhali tsoka ce ke ɗauke mafi yawan sukarin da insulin ke turawa.

Wanda ya fara jan hankalin duniya ga wannan bambanci likita ne a birnin Marsai na Faransa, Jean Vague, a 1947. Ya lura cewa masu ƙibar sama, wato ciki da ƙirji, sun fi masu ƙibar ƙasa kamuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wannan ne ya sa mutum biyu za su hau sikeli, nauyinsu ya zo ɗaya, amma haɗarin da ke kansu ya bambanta nesa ba kusa ba.

Ma'auni na farko: nauyi da tsawo

Shi ne wanda aka fi sani a likita. Da Faransanci ana taƙaita sunansa IMC, a ƙasashen Ingilishi BMI. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau biyu. Asalin lissafin na wani masanin Beljiyam ne, Adolphe Quetelet, tun ƙarni na 19, kuma a 1972 aka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsara shi haka ga manya:

- ƙasa da 18.5: rama
- 18.5 zuwa 24.9: daidai
- 25 zuwa 29.9: nauyi ya wuce kima
- 30 zuwa sama: ƙiba

Amfaninsa shi ne sauƙi. Rauninsa kuma, ba ya bambanta tsoka da kitse, ba ya kuma faɗin inda kitsen yake. Ɗan kokowa mai ƙirar ƙarfi zai iya fitowa a layin masu ƙiba alhali tsoka ce ta cika shi. Shi kuwa mai shago da ke wuni a zaune, hannuwa da ƙafafu sirara, teɓa a gaba, lissafin zai iya cewa daidai yake.

Ga ƴan uwa da ke Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a can ta sauko da waɗannan iyakoki ga baƙaƙen fata ƴan asalin Afirka da mutanen Asiya: daga 23 nauyi ya wuce kima, daga 27.5 ƙiba. Dalili shi ne ciwon sukari yana kama waɗannan al'ummomi a nauyin da bai kai na Turawa ba.

Ma'auni na biyu: kewayen ƙugu

Wannan ya fi kusa da abin da muke nema, domin yana bin kitsen ciki. A 2005 Tarayyar Ƙungiyoyin Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta sa iyaka: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Daga nan haɗari ya fara. Idan aka kai 102 ga namiji ko 88 ga mace, haɗarin ya yi yawa. Ya kamata a sani cewa daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo waɗannan alƙaluma, kuma tarayyar da kanta ta ce a yi amfani da su ga mutanen Afirka kudu da Sahara kafin a samu nasu na kansu. Wani rauninsa shi ne bai damu da tsawon mutum ba. Ƙugu mai santimita 90 a jikin dogon mutum da a jikin gajere ba abu ɗaya ba ne.

Ma'auni na uku: ƙugu da kwankwaso

A nan ana auna ƙugu, a auna wurin da ya fi faɗi a kwankwaso, sai a raba na farko da na biyu. OMS ta sa iyaka a 0.90 ga maza, 0.85 ga mata. Yana nuna ko ƙibar ta sama ce ko ta ƙasa. Sai dai awo biyu ne, kuskure ya fi saurin shiga, kuma idan ciki da kwankwaso suka ƙaru tare, lissafin ba ya motsi alhali kitse ya ƙaru.

Ma'auni na huɗu: ƙugu da tsawo

Shi ne ya fi dacewa da mu, kuma ƙa'idarsa jimla ɗaya ce: kada kewayen ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Iyakar ɗaya ce ga namiji da mace, dogo da gajere. A 2022 hukumar NICE ta shigar da shi cikin shawarwarinta. Idan aka raba ƙugu da tsawo:

- 0.4 zuwa 0.49: lafiya
- 0.5 zuwa 0.59: kitsen ciki ya ƙaru, a ɗauki mataki
- 0.6 zuwa sama: haɗari babba, a je likita

Wato mai tsawon santimita 150, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 75. Mai 160, ƙasa da 80. Mai 170, ƙasa da 85. Mai 180, ƙasa da 90.

Ga misali na lissafi don a ga bambancin. Namiji mai tsawon 170 da nauyin kilo 68, IMC ɗinsa 23.5, wato daidai a tsarin OMS. Ƙugunsa 92, bai ma kai 94 ba. Amma 92 a raba da 170 ya ba da 0.54, ya tsallake rabi. Ga kuma mace mai tsawon 160 da kilo 72, IMC ɗinta 28, an ce nauyinta ya wuce kima. Ƙugunta 78, wato 0.49, domin nauyin nata a cinya da kwankwaso yake. A ido, ita za a ce wa mai jiki. A wajen haɗarin rashin jin insulin kuwa, shi ne ya fi buƙatar a duba shi.

Yadda ake awon a gida

Mai tef ɗin awo irin na tela ya yi amfani da shi. Wanda ba shi da shi, igiya ko zare mai kauri da ba ya miƙewa ya isa, kuma ba sai an iya karatu ko lissafi ba.

1. A tsaya a miƙe ba takalmi, a jingina da bango. Wani ya auna tsawon mutum da igiya daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ya yanke ko ya ɗaure ƙulli a wurin.
2. A ninka igiyar gida biyu daidai.
3. A laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe, a laluba saman ƙashin kwankwaso. Tsakiyar su biyun shi ne wurin awo. Ga yawancin mutane yana ɗan sama da cibiya.
4. A zagaya ninkakkiyar igiyar a wurin, a kan fata ko riga marar kauri, bayan an saki numfashi yadda aka saba.
5. Idan bakunan igiyar suka haɗu har da ɗan saura, madalla. Idan suka kasa haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsawo.

Kurakuran da aka fi yi guda uku ne: shanye ciki lokacin awo, matse igiya har ta shiga nama, da aunawa a ƙasan teɓa inda ake ɗaura wando. Lambar wando ba awon ƙugu ba ce, don maza da yawa suna sauke wandon ƙasa ne yayin da cikin ke girma. An fi so a auna da safe kafin a ci abinci, kuma a maimaita duk bayan wata biyu ko uku. A ajiye igiyar, ita ce shaidar ko ana ci gaba ko ana baya.

Inda igiya ba ta aiki

Mace mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, wannan awo ba nata ba ne. Bayanin nan kuma na manya ne, yara suna da nasu tsarin a likita. Sannan ba kowane babban ciki ne kitse ba. Ciwon hanta yana tara ruwa a ciki, ƙari a mahaifa yana kumbura mara, haka ma kumburin saifa. Cikin da ya tashi cikin ƴan makonni, ko ya zo da ciwo, ko kumburin ƙafa, ko rama a sauran jiki, maganarsa ta lokotoro ce, kada a tsaya awo.

Haka nan, igiya gargaɗi take yi, ba ta yanke hukunci. Akwai wanda ƙugunsa ya wuce rabi amma jininsa lafiya lau, akwai kuma siriri mai ciwon sukari. Wanda yake ramewa ba dalili, ga yawan ƙishirwa, ga yawan fitsari har cikin dare, ga kasala, kada ya yi murna wai teɓa ta tafi. Waɗannan alamun ciwon ne da kansa, ya je a auna shi cikin gaggawa.

Wasu alamu da ke tafiya tare da kitsen ciki

Idan aka samu ɗaya daga cikin waɗannan tare da ƙugun da ya wuce rabi, zargin ya ƙara ƙarfi:

- Fatar ƙeya, ko hammata, ko matsematsi ta yi duhu, ta yi kauri da laushi. Da yawa suna ɗauka dauɗa ce, su yi ta gurza da soso, ko su shafa man bilicin. Ba ta fita da wanka, domin yawan insulin a jini ne ke sa fatar yin haka.
- Ƴan ƙananan tsiro masu laushi a wuya da hammata.
- Hawan jini, wato tansiyo daga 14 bisa 9 zuwa sama a awo fiye da ɗaya.
- Uwa, ko uba, ko wanda ake ciki ɗaya da shi yana da ciwon sukari.
- Mace ta taɓa haifar jariri da ya wuce kilo 4, ko sukarinta ya hau lokacin goyon ciki.
- Rikicewar al'ada tare da fitowar gashi a haɓa da wahalar samun ciki.

Abin da awon jini ke faɗa

Awon da aka fi samu a cibiyoyin lafiya na CSI da manyan likitoci shi ne na sukari da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. A takardar sakamako an fi rubuta shi da giram a lita. A tsarin OMS, ƙasa da 1.10 daidai ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 mutum yana bakin gaɓa. Daga 1.26 zuwa sama, idan aka maimaita wata rana ya sake fitowa haka, ciwon sukari ne. A Amurka tun daga 1.00 suke fara gargaɗi, kuma da miligiram suke rubutawa, wato 100 da 126.

Amma a tuna da abin da muka faɗa a sama: sukari zai iya fitowa daidai alhali jiki ya daɗe da fara ƙin jin insulin. Don gano wannan kai tsaye sai an auna insulin ɗin kansa tare da sukari, a haɗa su a wani lissafi mai suna HOMA, wanda masu bincike a Oxford suka fitar a 1985. Wannan ba awon yau da kullum ba ne, a bincike aka fi amfani da shi. Shi ya sa ma'aunan waje suke da daraja.

Akwai abu biyu da ya kamata mutanenmu su sani, musamman na waje da ake yi wa awo iri-iri. Na farko, awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, kuma daga 6.5 ake kiransa ciwon sukari, yana iya yin kuskure ga mai amosanin jini ko mai ƙarancin jini. A gaya wa lokotoro idan akwai sikila a gida. Na biyu, wani maiƙon jini da ake kira tirigiliserid yakan hau ga Turawa masu rashin jin insulin, amma ga baƙar fata sau da yawa yakan zauna daidai ko da matsalar tana nan. Don haka fitowarsa daidai ba ta wanke mutum.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

A ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga ciki a yankin Afirka. Fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba, kuma an yi hasashen adadin zai kai miliyan 55 a 2045.

Babban abin da ke tura shi shi ne canjin zama. Wanda ya tashi yana noma, yana jan ruwa a rijiya, yana tafiya kasuwa da ƙafa, idan ya koma Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko ya tafi bida wata ƙasa, aikin ƙarfi yana raguwa, kabu-kabu ya maye gurbin ƙafa, shinkafa da taliya da burodi da lemun kwalba su maye gurbin gero da wake. Wani babban bincike mai suna RODAM, da aka wallafa a 2016, ya gwada ƴan Gana da ke ƙauye, da na birni, da waɗanda ke Amstadam, Balin da Landan. Cikin maza, ciwon sukari ya kama kusan 4 cikin 100 a ƙauye, kusan 10 a biranen Gana, kusan 15 a Balin. Mutane ɗaya ne, wurin zama da abinci ne suka canza.

Abu na biyu shi ne yunwar ƙuruciya. A 1992 masu bincike biyu na Ingila, Hales da Barker, suka bayyana cewa jaririn da bai samu isasshen abinci a ciki ba, aka haife shi ƙarami, jikinsa yakan saba da tsimi. Idan ya girma ya samu wadata, ya fi saurin tara kitse a ciki da kamuwa da ciwon sukari. A ƙasar da ta ga fari da ƙarancin cimaka sau da yawa, wannan magana ce ta gidaje da dama. Wanda ya san ya sha tamowa yana yaro, ya ƙara sa ido a kan ƙugunsa idan hali ya samu.

Na uku shi ne yadda muke kallon ƙiba. A wurinmu teɓa alamar hutu ce, mace mai jiki kuma ana cewa mijinta ya iya kiwo. Wannan ya sa wasu mata suke sayen ƙwayoyin ƙara jiki wurin masu tallar magani. Daga cikinsu akwai deksametazon da danginsa. Irin wannan magani yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki da ƙeya, yana siranta ƙafafu, yana kuma hana jiki jin insulin kai tsaye har ya jawo ciwon sukari da hawan jini. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, don hakan ma yana da haɗari. Ta je likita a rage mata shi sannu a hankali.

Abin da ke mayar da jiki hanya

Labari mai daɗi shi ne wannan mataki yana juyuwa, kuma an gwada an gani. A Amurka an yi bincike a kan mutum 3,234 da sukarinsu ke bakin gaɓa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin, da kashi 31 ta ragu. A ƙasar Finlan ma, a 2001, an samu kashi 58. Ga mai kilo 80, kashi 7 cikin 100 bai kai kilo 6 ba. Ba a ce mutum ya koma kamar kara ba. Kitsen ciki yana cikin wanda ke saurin raguwa idan aka fara.

Ga abin da za a iya yi da abin da ke hannu:

- Tafiya da ƙafa. Minti 30 da ɗan sauri, kwana biyar a mako. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin kaɗan ne. Ƴar tafiya bayan cin abinci tana da amfani, haka ma tashi daga zaune lokaci zuwa lokaci ga mai shago, da tela, da direba.
- Sukarin sha. OMS ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. A lissafa wanda ke shiga shayi zagaye uku, da zoɓo, da kunu, da fura, za a ga inda yake tafiya. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har baki ya saba.
- Kwano. A rage tudun tuwo ko shinkafa, a ƙara miyar ganye, da wake, da kopto na zogale, da kabeji, da kuɓewa. Gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. A rage soye-soye da man da ake malalawa a kan abinci.
- Barci da taba. Ƙarancin barci yana rage jin insulin, taba sigari kuma tana ƙara haɗarin ciwon sukari.

Wannan shawara ta rage ci ba ta shafi wanda yake rame ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko gidan da abinci bai wadata ba lokacin damina kafin sabon hatsi. Ta wanda igiyarsa ta kasa haɗuwa ce. Kuma babu wani sassaƙe ko shayin rage teɓa da aka tabbatar yana narkar da kitsen ciki, kada a zubar da kuɗi a nan.

A taƙaice

Duk babban da ya ga igiyarsa ta kasa haɗuwa, ya nemi a auna masa sukari da tansiyo, ko da yana jin kansa garau. Idan sakamako ya yi kyau, ya fara gyaran ci da motsi, ya sake awon jini bayan lokacin da ma'aikacin lafiya ya sa masa. Ƴan uwa na waje da ke aiko da kuɗin cefane, idan kun kira gida ku tambayi su Baba da Inna da su Yaya yaushe rabon da a auna su, ku sa kuɗin awon cikin saƙo, ku ma ku auna naku ƙugun a inda kuke. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta dace a mayar da ita ranar fito da igiya a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kwana lafiya.